Baba ya ce sunan gunki ne, mijina ya ce sunan uwarsa ne

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, karatu ya kawo ni Suwidin shekara shida da suka wuce, a nan na haɗu da mijina. Ɗan ƙasar ne, ya musulunta tun kafin mu san juna. Sunansa Johan, a masallaci Yahaya ake ce masa. An ɗaura mana aure a Kano da yardar Baba, ko da yake sai da aka kai ruwa rana. Yanzu cikina wata takwas, asibiti sun ce mace ce. Mijina yana son ya yi wa mahaifiyarsa takwara. Bara ta rasu, ita kaɗai ta rene shi, sunanta Astrid. Da na faɗa wa Baba a waya, sai ya sa ɗan yayana ya duba a intanet, yaron ya ce masa sunan gunki ne. Baba ya ce in aka sa wa jikarsa sunan gunki kada a kawo masa ita. Shi so yake a sa Hauwa'u, sunan mahaifiyarsa. Ya ƙara da cewa wane irin abu ne a ce wa 'ya mace Andersson, alhali an ce masa ma'anarsa ɗan Anders: ita ba ɗa ba, ubanta ba Anders ba, kakanta ma ba Anders ba. Mijina bai ce komai ba, amma kwana uku ke nan yana tashi daga kan abinci bai ci na kirki ba. Ni ina tsakiya. Da gaske sunan gunki ne? Yaya zan yi?

Ƙanwarki a Suwidin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya. Da farko ki daina kwana da wannan abu a ranki, mai ciki wata takwas ba ta da rarar barcin da za ta ɓatar a kan rigimar maza biyu. Rigimar tana da mafita, kuma mafitar tana cikin sunan nan da ake ta jayayya a kansa.

Ɗan yayanki bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya kai wa Baba. Bari in kwance miki sunan.

Kakannin mutanen Suwidin da Norwe da Denmak da Ayislan harshe ɗaya suke yi a da, kuma yawancin sunayensu gini ne na bulo biyu. A ɗauko kalma a ɗora kan wata, kamar yadda muke da Nuru da Din, ko Abdul da Karim. Sigrid nasara ce aka haɗa da kyau. Gunnar yaƙi ne da mayaƙi. Harald runduna ce da mulki. Ragnhild shawara ce da yaƙi, kuma sunan mace ne, ki ji irin matan da suke fatan haifa. Ba dole ne haɗin ya ba da jimla mai ma'ana ba, domin sau da yawa bulo ɗaya daga sunan uba ko kaka aka ciro shi, aka nemo masa sabon abokin zama. Ki riƙe wannan a hannu, zan dawo kansa.

Tsohuwar sifar Astrid ita ce Ástríðr. Bulon farko ás, na biyu fríðr. Fríðr na nufin kyakkyawa, ko abar ƙauna. Shi kuwa ás, da shi suke kiran kowane ɗaya daga cikin ababen bautarsu kafin zuwan Kiristanci, dangin su Odin da Tor. In an haɗa, ma'anar tana kusa da wadda alloli suka ƙawata, ko wadda suke ƙauna. Babu wata gunkiya mai suna Astrid da aka taɓa bauta wa, sunan matan mutane ne tun fil azal. Amma ƙanshin tsohuwar bautar yana jikin rabinsa, kuma ba zan ɓoye miki ba don in faranta wa mijinki.

Sunayen ƙasar da kike zaune ba ɗaki ɗaya suke kwana ba a wannan fannin. Akwai waɗanda sunan abin bautar ne tsirara, kamar Tor mai guduma da tsawa, da Freja, wanda iyayen zamani suke rububin sa wa 'ya'yansu mata. Akwai waɗanda aka jingina su da wani abin bauta takamaimai: Torsten dutsen Tor ne, Torbjörn beyar ɗin Tor, Ingrid da Ingvar kuma suna ɗauke da sunan Ing. Astrid da Åsa da Asbjörn suna ƙasa da waɗannan, ba su ambaci kowa ba, kalmar jinsin kawai suka ɗauka. Sannan akwai tarin sunaye da babu ƙura ko ɗaya a jikinsu. Sten dutse ne, Ulf kyarkeci, Arne gaggafa, Dag yini, Sven saurayi, Liv kariya, Leif kuwa Magaji ne sak. In wani a gida ya yi dariyar mutumin da aka sa wa suna Kyarkeci, ki tuna masa Usama da Haidar duk zaki ne, kuma sunan Abu Sufyan na asali Sahru, wato dutse, Sten ɗin Larabawa ke nan.

Sai waɗanda Kiristanci ya shigo da su, a nan kuwa dangi ne da ke rututu. Johan da Hans da Jens da Jan da Jon duk rassan suna ɗaya ne, na annabin da muke kira Yahaya. Elias Iliyasu ne, Isak Isiyaku, Jonas Yunusa, Aron Haruna, Anna Hannatu, Eva Hauwa, Maria Maryam. Kin ga mutanen masallaci ba su canza wa mijinki suna ba, furucinmu kawai suka ba shi.

Yanzu ki shiga kunnen mijinki ki saurara. In aka ce Astrid, shi ba ya jin Odin, ba ya jin Tor. Matar da take tashinsa ya tafi makaranta cikin duhun hunturu yake ji. Kuma ba shi kaɗai ba. Olof Skötkonung, sarkin Suwidin na farko da ya karɓi Kiristanci ya zauna a kansa har mutuwa, yana da 'ya mai suna Astrid, wadda ta auri sarki Olaf na Norwe, mutumin da coci ya ɗauka waliyyi. Shekara dubu ke nan ana kai 'yan mata masu wannan suna coci ana yi musu baftisma, ba wanda ya ɗaga gira. Kalmar ta daɗe da mutuwa a bakin mutane, kamar yadda in kin ce za ki je asibiti ranar torsdag ba ki nufin kina girmama Tor, ko da yake ranar Alhamis ɗin da sunansa aka kira ta, Laraba kuma, onsdag, da na Odin. Mu ma muna rubuta Janairu da Maris, duk sunayen ababen bautar Rumawa ne. Don haka da aka ce masa sunan uwarsa sunan gunki ne, abin da ya ji shi ne an zagi gawa. Shi ya sa yake tashi daga kan abinci. Bature irin nasu ba ya cika faɗa da baki, shiru yake yi, kuma shirun yakan daɗe.

Sai dai sunan rana daban, sunan da za a yanka wa yarinya rago a kansa daban, kuma nan Baba yake da ƙafar tsayawa. Ni ba malama ba ce, abin da zan faɗa sananne ne a wurin duk wanda ya zauna gaban malamai. Musulunci bai ce dole suna ya zama na Larabci ba. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ asalinsu ba Larabci ba ne, kuma Mariya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da sunanta na Masar ta zauna. Abin da Annabi ya riƙa canzawa shi ne suna mai mummunar ma'ana, ko mai yabon kai, ko mai bautar da mutum ga wanin Allah. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ta koma Zainab, shi ma Abdurrahman ɗan Aufu a hannun Annabi ya sami sunan nan. Malamai sun hana sa wa yaro sunan gunki kai tsaye. Astrid ba sunan gunki ba ne, kuma ba ya cewa baiwar wane. Yana bakin iyaka ne, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. In kuna son hukunci, ku je wurin malamin da kuka yarda da shi ku ba shi ma'anar gaba ɗayanta, bulo biyun, kada ku ba shi rabin da ɗan yayanki ya tsinto. Ambaton marigayiyar da sunanta kuwa babu komai a ciki. Annabi da kansa ya ce shi ɗan Abdulmuɗɗalibi ne. Ba da labarin sunan wanda ya wuce daban yake da raɗa shi sabo.

Akwai wata magana da ba za ta yi wa Baba daɗi ba, ke ma kada ki faɗa masa ita gatsau. A wurin malamai, in aka yi saɓani a kan suna, haƙƙin uban yaro ne. A al'adarmu ma haka ne, miji ke raɗa suna, in ya sa sunan wani daga dangin matarsa kara ya yi. Da Bahaushe kika aura ya ce zai mayar da sunan uwarsa da ta rasu bara, babu surukin da zai buɗe baki. Baba yana da ikon ya ce a guji suna mai shubuha, wannan nasiha ce ta addini kuma a ji ta. Amma a sa Hauwa'u roƙo ne, ba umarni ba. Na faɗa miki ne don ki san inda kowa yake tsaye, ki daina ganin mijinki kamar mai neman alfarma a kan 'yarsa.

To ga abin da na ce ki riƙe. Sunan bulo biyu ne, kuma shubuhar duk a bulon farko take. Na biyun, fríðr, yana nan da ransa a matsayin suna mai zaman kansa: Frida. Suna ne da kowa ya sani a Suwidin, ba baƙo ba, ba wanda zai tambayi yarinya yadda ake rubuta shi a makaranta. Ma'anarsa kyakkyawa, wasu kuma suna danganta shi da kalmar salama ta tsohon Jamusanci, duk inda aka bi alheri ne. Kuma ɗaukar rabin sunan kaka a ba jika ba dabarata ba ce, tsohuwar al'adar kakannin mijinki ce, haka suke gadon suna tun kafin su san coci. Ki kira Frida da ƙarfi sau uku da bakin Kano, ki ji abin da zai fito. Farida. Sunan da ke kowace unguwa, na Larabci, mai nufin wadda ba ta da tamka. Asalinsu ba ɗaya ba ne, haɗuwa kawai suka yi a hanya, amma ba kullum ake samun irin wannan dace ba.

Ga kuma inda al'adun biyu suka yi musabaha ba su sani ba. A Suwidin yaro yakan ɗauki suna biyu ko uku, a takardar rajista a nuna wanda za a riƙa kiransa da shi, shi ne suke ce wa tilltalsnamn. Mu kuma muna da sunan yanka da sunan da ake ɓoye shi da shi. Ki yi tunani: in aka sa wa yarinyar nan Hauwa'u, wa zai kira ta Hauwa'u? Ba ke ba, 'yar fari ce kuma takwarar kakarki. Ba Baba ba, sunan uwarsa ne, sai dai ya ce Mama ko Hajiya. Ba mahaifiyarki ba, sunan surukarta ne. Dole a nemo mata wani suna, irin su Ummi da Walida da Amira da muke ta fama da su. To me zai hana sunan ya zama Frida? Liman ya raɗa Hauwa'u ranar bakwai, takarda ta ɗauki Hauwa Frida, bakin kowa ya riƙe Frida. Baba ya sami uwarsa a sunan yanka, mijinki ya sami tasa a sunan da za a kira sau ɗari kowace rana. In ma za a auna, mijinki ne ya fi riba, amma ba sai kin yi wa Baba wannan lissafin ba.

Mai yiwuwa mijinki ya ce rabin suna ba suna ba ne. Kada ki yi masa gardama a ranar. Ki tambaye shi cikakken sunan marigayiyar, wanda ke kan takardunta ko kan dutsen kabarinta. Da wuya a ce Astrid kaɗai ne. Matan ƙasar da yawa suna da Maria ko Anna ko Eva ko Elisabet a maƙale, Maria ma shi ne sunan da ya fi yawa a jikin matan Suwidin in an ƙirga har da na biyu da na uku. In kika tarar da Maria, kin tarar da Maryam. In kuma Eva ce, to ki yi sujudush shukur, domin uwar mijinki da kakarki ashe takwarorin juna ne. Idan duk wannan bai gamsar da shi ba, ya tsaya kai da fata sai Astrid cikakke, ra'ayina shi ne a kai maganar gaban malami tare da shi, a bar shi ya yi tambayar da bakinsa. Mutumin da ya bar addinin gidansu da ƙafarsa ba zai ƙi jin malami ba, abin da ba zai jure ba shi ne a yanke hukunci a Kano a aiko masa ta waya.

Saura Andersson. A nan dariya ta kama ni, domin ƙorafin Baba shi ne ainihin abin da wani tsohon manomin Suwidin na shekara ɗari biyu da suka wuce zai faɗa. Su ma da irin namu suke yi. Anders ya haifi Lars, a ce Lars Andersson. Lars ya haifi Johan, a ce Johan Larsson. 'Yar Lars kuwa Larsdotter ce, 'yar Lars, kuma ko ta yi aure sunanta ba ya motsi. Shi ya sa ake rubuta s biyu, ta farko ta mallaka ce, kamar n ɗin da ke cikin ɗan wane, ta biyun ita ce farkon son, wato ɗa. Mutanen Denmak da Norwe suka tauna shi ya koma sen, aka sami su Jensen da Nielsen da Hansen da Olsen.

Hukuma ce ta gaji da wannan. Mai karɓar haraji da mai rubuta sojoji ba sa son sunan da ke sauyawa duk tsara. Denmak ta yi doka a 1828 cewa kowane yaro a ba shi sunan iyali tsayayye, mutanen karkara suka yi kunnen uwar shegu, sai da aka sake ƙarfafa ta a 1856. Norwe ta wajabta a 1923. A Suwidin abin ya bi a hankali daga ƙarshen ƙarni na 19, dokar 1901 ta zo ta tsara rajistar sunan iyali. Duk sunan uban da ke hannu a lokacin sai ya daskare a wurin, 'ya'ya da jikoki, maza da mata, suka ci gaba da jansa. Don haka Anders ɗin gidan mijinki mutum ne na gaske, kakan kakansa ne ko kusa da haka, shi ne yake tsaye a bakin ƙofa ranar da aka rufe ta.

Ayislan ce kaɗai ta ƙi. Ko kin tuna wasan cin kofin duniya na 2018, ranar 22 ga Yuni a Volgograd, da Ahmed Musa ya zura musu biyu? Mutane a gidajen kallo suna ta mamakin ƙungiyar da kusan kowa a cikinta son ne, Halldórsson a raga, Sigurðsson da ya ɓarar da fanareti, har ana cewa ko 'yan gida ɗaya ne. Ba dangi ba ne, kowa sunan ubansa ya ɗauka. Wanda ya ci su ma haka, Ahmed ne ɗan Musa, son ɗin kawai ya rasa. Matar da suka zaɓa shugabar ƙasa a 1980, Vigdís Finnbogadóttir, sunanta na cewa 'yar Finnbogi ce, kamar yadda muke cewa Nana Asma'u 'yar Shehu. Har littafin lambobin wayarsu da sunan farko aka jera shi.

Da sunayen suka daskare sai wata matsala ta fito, rabin gari Andersson, rabi Johansson. A soja ma tun kafin nan an sha fama, kyaftin ya kira Eriksson mutum biyar su amsa, sai aka riƙa laƙaba musu gajerun sunaye: Rask mai hanzari, Modig jarumi, Svärd takobi, Stark ƙaƙƙarfa. Mutanen birni kuma suka riƙa ƙera nasu daga daji, bulo biyu kamar na da: Bergström dutse da rafi, Lundgren kurmi da reshe, Sjöberg tafki da dutse. A Norwe sunan gona aka fi ɗauka. Ødegaard na Arsenal, ma'anar sunansa gonar da ta zama kufai, irin gonakin da annobar 1349 ta share mutanensu. Nobel mai kyautar nan daga sunan wani ƙauye ne, Nöbbelöv. Kafin ki ce abin baƙo ne, ki tuna Shagari ƙauye ne, Tafawa Ɓalewa gari ne, Malam Aminu kuma da Kano duniya ta san shi. Na ɗan yi nisa, amma duk wannan kayan hira ne da za ki yi wa Baba, tsofaffi suna son a nuna musu cewa wasu ma sun bi hanyar da suka sani.

A addini, ayar da Baba yake tunani ita ce ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta ce a kira su da ubanninsu. Abin da ta hana shi ne jingina yaro ga wanda ba tsatsonsa ba. Jingina shi ga kakansa na gaskiya ba laifi ba ne. Imam Ahmad ɗan Hambali, Hambali kakansa ne, sunan ubansa Muhammadu. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ma haka. Batun ɗa da 'ya kuwa, matan gidan Ɗantata da Ɗantata suke amsawa, ban taɓa jin an ce su koma 'Yartata ba.

Amma in har abin yana sukar Baba, dokar ƙasar ta buɗe muku ƙofa. Tun 1 ga Yuli 2017, sabuwar dokar sunaye ta Suwidin ta yarda iyaye su ba jariri sunan iyali da aka gina daga sunan uba ko na uwa, a ƙara son ko dotter. 'Yarki tana iya zama Johansdotter, wato 'yar Yahaya, ba ragi ba ƙari. Wannan kyauta ce da mijinki zai iya yi wa Baba ba tare da ya yi asarar komai ba, hasali ma sunansa ne zai hau kan 'yarsa a madadin na wani kaka da bai taɓa gani ba. Abin da za ku auna kawai shi ne ku uku za ku zama da sunan ƙarshe uku daban-daban, ke na Baba, shi Andersson, ita Johansdotter, don haka in za ku yi tafiya ku riƙa ɗaukar takardar da ke nuna ku ne iyayenta. In ya fi son Andersson don yarinya ta yi suna ɗaya da shi, ki bar masa, wannan ba wurin ja ba ne.

Hukumar haraji, Skatteverket, ita ke rajistar suna, kuma tana ba iyaye wata uku daga ranar haihuwa. Kin ga ranar bakwai ba ta karo da komai. A yanka rago a Kano, a yi addu'a, a turo muku hotuna, ku cike takarda a tsanake. Ki rubuta Hauwa kawai, ki cire 'yar alamar nan da ke tsakanin a da u a cikin Hauwa'u, har da u ɗin ƙarshe, kwamfutocin ofis da na filin jirgi ba sa shiri da ita. Kuma duk yadda kuka rubuta a takardar Suwidin, harafi da harafi haka za ku rubuta a ta Najeriya.

Wa za ki fara tunkara? Mijinki, kuma ba da maganar suna ba. Ki ce masa abin da aka faɗa a kan sunan mahaifiyarsa ya yi miki zafi ke ma, kuma Baba bai san ta ba, tsoron Allah ne ya sa shi magana, ba raini ba. Ki sa ya ɗauko hotunanta ya ba ki labarinta. A cikin wannan hirar, ba kafinta ba, za ki kawo Frida, ki nuna masa inda ya fito a cikin Astrid. Ki bar shi ya kwana da shi. In ya amince, shi ne zai kira Baba, ba ke ba, ko da Hausarsa ta gaisuwa ce kawai kina fassara. Ya ce ya ji nasihar Baba ya bar sunan da ake shakka, kuma ya yi wa Baba uwa. Surukin da ya ji wannan daga bakin mijin 'yarsa ba shi da sauran abin cewa sai sa albarka.

Kafin wannan kiran, ki bi ta wajen Mama ko wata gwaggo da Baba yake jin nauyinta, ta share fage. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce wa Baba sunan Farida ne kawai ki yi shiru. Ki faɗa masa gaskiya, a takarda Frida ne, rabin sunan marigayiyar ne, rabin da ke nufin kyakkyawa, an cire wanda yake ƙi. Ɗan yayan nan naki yana nan da wayarsa, ranar da ya ga fasfo zai sake dubawa, kuma gara Baba ya ji daga bakinki yau da ya ji daga nasa bayan shekara biyu.

Maganar kada a kawo masa ita kuwa, ki bar ta ta bi iska, kada ki maimaita wa mijinki in bai riga ya ji ba. Ranar da kuka sauka Kano aka miƙa masa ita a cikin zani, aka ce ga Hajiya ta dawo, ki lura da wanda zai hana kowa ɗaukarta. In kin sauka ki rubuto mini sunan da aka raɗa.